Tambayoyi da Amsoshi kan Karatun Digirin Farko a Fannin Injiniyan Lantarki da na Kwamfuta a Najeriya

Duk shekara idan lokacin sayen fom ɗin JAMB ya gabato, ɗaliban da ke ajin ƙarshe na sakandare da iyayensu kan taso da tambayoyi kusan iri ɗaya game da wannan fanni. An tattara waɗanda aka fi maimaitawa a nan, kuma an gina amsoshin a kan yadda karatun yake gudana a jami'o'in Najeriya.

Mene ne bambancin injiniyan lantarki da injiniyan kwamfuta, kuma me ya sa ake yawan ambaton su tare?

Jirgi ɗaya ne ya kwaso su, domin dukansu biyun sun tsaya ne a kan sanin yadda wutar lantarki take gudana a cikin waya da yadda ake sarrafa ta. Inda suka rabu shi ne abin da ake so wutar ta ɗauko. Injiniyan lantarki ya fi damuwa da wutar da ke ɗauke da ƙarfi, wadda ake samarwa a madatsun ruwa irin su Kainji da Jebba da Shiroro, a ɗora ta kan manyan layuka masu matsin wuta na kilobolt 330 da 132 (kilobolt ɗaya bolt dubu ne), a sauko da ita zuwa kilobolt 33 da 11, har taransfomar unguwa ta mayar da ita bolt 230 ɗin da ke shiga gida. Shi kuwa injiniyan kwamfuta yana aiki ne da 'yar ƙaramar wuta, wadda sau da yawa ba ta wuce bolt 5 ba, amma tana ɗauke da saƙo da lissafi da umarni a cikin kwamfuta da wayar salula da mitar wuta mai kati. A tsakaninsu akwai reshen ilektronik da na sadarwa, kuma kowane ɓangare yana ɗiba daga gare su.

Saboda wannan kusanci ne Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ta taɓa haɗa su a sashe guda kafin daga baya ta raba su. A yawancin jami'o'i ɗaliban sassan biyu suna zama a aji ɗaya a mafi yawan darussan shekaru biyun farko, wani lokaci har a wasu darussan shekara ta uku.

Shin injiniyan kwamfuta da mai digirin kimiyyar kwamfuta abu ɗaya suka karanta?

A'a. Kimiyyar kwamfuta shekara 4 ce, kuma nauyinta yana kan manhaja da tsara bayanai da dabarun warware matsala ta hanyar lissafi. Injiniyancin kwamfuta shekara 5 ne a tsangayar injiniya, kuma ɗalibinsa yana koyon rubuta manhaja tare da sanin gangar jikin na'urar da manhajar za ta hau. Wanda burinsa kawai ya riƙa gina shafukan intanet da manhajojin waya ba dole ne ya ɗauki ƙarin shekarar nan ba. Wanda kuma yake son sanin yadda ake sa famfon ban-ruwa ya kunna kansa idan ƙasa ta bushe, ko yadda inbata take gane cewa batir ya cika, to injiniyanci ne gidansa.

Waɗanne sharuɗɗa ake bukata kafin a sami gurbi?

Ana bukatar kiredit a darussa 5 a jarrabawar WAEC ko NECO ko NABTEB, kuma dole ne a cikinsu a sami Turanci da Lissafi da Fiziks da Kemistri, a zama ɗaya ko biyu. A jarrabawar JAMB kuma darussan da ake zaɓa su ne Turanci da Lissafi da Fiziks da Kemistri. Kuskuren da ke jawo wa ɗalibai asarar shekara guda shi ne sanya Bayoloji a madadin Lissafi ko Kemistri lokacin cike fom, musamman idan an bar wa mai shagon intanet ya cike shi ba tare da an duba ba. Makin da JAMB take sanarwa a matsayin mafi ƙanƙanta ba shi ne ke ba da gurbi a wannan fanni ba, domin kowace jami'a tana da nata ma'aunin, tana kuma yin tantancewa bayan JAMB, kuma tsangayar injiniya tana cikin wuraren da masu nema suka fi guraben yawa.

Ina da difloma daga kwalejin fasaha. Daga aji ɗaya zan fara?

Ba lallai ba ne. Mai difloma ta ƙasa, wato ND, a fannin lantarki ko kwamfuta, idan sakamakonsa ya yi kyau, yana iya neman shiga kai tsaye ta hannun JAMB ya fara daga aji biyu, haka ma wanda ya ci jarrabawar IJMB ta share fagen shiga jami'a a Lissafi da Fiziks da Kemistri. Wasu jami'o'in suna ɗaukar mai babbar difloma ta HND a aji uku. Abin da malamai suka daɗe suna lura da shi shi ne waɗanda suka fito daga wurare irin su Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna sukan fi takwarorinsu sanin kayan aiki a ɗakin gwaje-gwaje, amma sukan sha wuya a darussan lissafi na aji biyu, saboda sun tsallake shekarar da aka kafa tubalinsu. Ya kamata irin wannan ɗalibi ya yi bitar kalkulas, wato reshen lissafi mai nazarin yadda abubuwa ke canzawa, da kansa tun kafin a buɗe makaranta.

Ana cewa karatun duk lissafi ne. Gaskiya ne?

Akwai ƙamshin gaskiya mai yawa a ciki, kuma gara a faɗa wa yaro tun yana gida da a bar shi ya gano bayan ya shiga. Dalilin shi ne wutar lantarki ba a ganin ta da ido. Injiniyan gine-gine yana iya tsayawa ya kalli ginshiƙi, injiniyan injuna yana iya riƙe ƙarfe ya juya shi, amma wanda ke aiki da wuta ba shi da hanyar sanin abin da ke faruwa a cikin waya sai ta awo da lissafi. Saboda haka lissafi a nan shi ne idon da ake gani da shi.

Ga misali guda da ke nuna yadda lissafi yake yanke hukunci a aikin yau da kullum. Wutar da ke ɓacewa a matsayin zafi a cikin waya tana ƙaruwa ne gwargwadon kwararar wutar idan an ninka ta da kanta. Idan aka ɗaga matsin wutar sau 10, kwararar da ake bukata don isar da ƙarfi iri ɗaya za ta ragu sau 10, asarar kuma ta ragu sau 100. Wannan ne ya sa ake jan wuta daga Shiroro zuwa Kaduna da Kano a kan kilobolt 330, ba a kan bolt 230 na gida ba. Ɗalibin da ya fahimci wannan ɗan lissafi ya fahimci dalilin wanzuwar kowace taransfoma da ke ƙasar nan.

Daga aji biyu ake shiga dokokin Ohm da Kirchhoff da hanyar Thevenin ta sauƙaƙa da'irar lantarki, sannan a zo kan dabarun Laplace da Fourier, waɗanda da su ake nazarin duk abin da ke canzawa da lokaci, kama daga muryar da ke tafiya ta wayar salula har zuwa wutar gida da ke kai da komowa sau 50 a daƙiƙa guda. Darasin da ya fi yin ƙaurin suna shi ne na maganaɗisu da igiyoyin lantarki, wanda aka gina a kan ƙa'idoji 4 na Maxwell. Wanda bai taɓa jin daɗin Lissafi a sakandare ba, ya ci shi ne kawai da hadda da taimakon malamin lesin, ya kamata ya zauna ya sake shawara, domin son harhaɗa batir da fitila tun yarinta, duk da kyansa, ba ya isa shi kaɗai. Amma kuma ba a bukatar mutum ya zama gagara-badau. Abin da ake bukata shi ne juriyar zama da matsala ɗaya na awa guda ba tare da an leƙa amsa ba.

Me ake koyarwa a kowace shekara?

Aji ɗaya na kimiyya ne zalla: Lissafi da Fiziks da Kemistri da darussan gama-gari, kuma ɗalibai da yawa kan yi sakaci da shi suna cewa maimaicin sakandare ne, alhali makinsa yana bin mutum har ranar kammalawa. A aji biyu ake haɗa dukan ɗaliban tsangayar a koya musu zanen injiniya da aikin bita da ƙarfin kayayyaki da gabatarwar lantarki da rubuta manhaja. Aji uku shi ne inda fannin yake bayyana da fuskarsa ta gaskiya, da darussan da'irar lantarki da ilektronik da injunan lantarki da awo. A aji huɗu ana yin zango ɗaya a makaranta, ɗayan kuma a wurin aiki. Aji biyar na zaɓen reshe ne da aikin kammalawa, inda ɗalibi zai ƙera wani abu ko ya yi nazari a kan wata matsala, ya rubuta rahoto, ya kare shi a gaban malamai tare da mai jarrabawa daga wata jami'a.

A ƙarshen 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, ta ƙaddamar da sabon tsarin manhajar karatu da ake kira CCMAS, wanda ya tanadi kashi 70 cikin ɗari na darussan kowane fanni, ya bar wa kowace jami'a kashi 30 ta tsara da kanta. Saboda haka ana iya samun bambancin sunayen kwasa-kwasai tsakanin Zariya da Kano da Minna, amma ƙashin bayan karatun ɗaya ne.

Idan na kammala, zan iya yin wayarin ɗin gida da gyaran talabijin da wayar salula?

Wannan ce tambayar da ta fi jawo saɓani tsakanin ɗalibi da danginsa. Da zarar an ji cewa yaro yana karanta lantarki, sai a fara ajiye masa rediyo da fanka da dutsen guga ana jiran ya dawo hutu, idan kuma ya kasa sai a ce an yi asarar kuɗin makaranta. Gaskiyar magana ita ce jami'a ba ta koyar da gyara a matsayin sana'a. Tana koyar da yadda ake tsara abu tun daga tushe: kaurin wayar da gini yake bukata, girman taransfomar da za ta ɗauki unguwa, yawan farantan sola da batir da za su riƙe asibiti har asuba. Mai wayarin da ya yi shekara goma a hannun ubangidansa zai fi sabon mai digiri saurin hannu nesa ba kusa ba, kuma babu abin kunya a cikin haka.

Sai dai bai dace ɗalibi ya fake da wannan bayani ba. Injiniyan da bai taɓa riƙe maltimita, wato na'urar awon wuta, ba, bai taɓa liƙa waya da dalma ba, bai san bambancin waya mai wuta da ta ƙasa a cikin akwatin rarraba wuta ba, masu aikin da ke ƙarƙashinsa za su gano shi a rana ɗaya, kuma daga ranar maganarsa ta rage nauyi. Kayan gwaje-gwaje a yawancin jami'o'in gwamnati ba su kai yawan ɗalibai ba, ta yadda mutum goma kan iya kewaye na'ura ɗaya, biyu suna aiki takwas suna kwafar sakamako. Shawarar da ta fi amfani ita ce ɗalibi ya sauke girman kai ya nemi wani mai haɗa sola ko mai naɗin injunan lantarki da taransfoma ko mai gyaran waya, ya zauna a shagonsa kowane dogon hutu. Zai ga abin da ya lissafa a takarda yana ƙonewa a gabansa, kuma shi ne zai iya faɗin dalilin ƙonewar, wanda sau da yawa mai shagon bai sani ba. A kiyaye abu guda: kada sha'awar koyo ta kai mutum taɓa layin kilobolt 11 ko 33, ko buɗe taransfoma, ba tare da izini da kulawar ma'aikacin da ya san ƙa'idar kashe layi da sauke wutarsa ƙasa ba.

Mene ne SIWES, kuma a ina ya fi dacewa a yi shi?

SIWES tsarin koyon aiki ne a masana'antu wanda Asusun Horar da Ma'aikata na ITF yake kula da shi tun a shekarun 1970. Ɗalibin injiniya yana yin kusan wata 6 a wurin aiki a aji huɗu, yana cike littafin ayyukan yau da kullum, malami yana zuwa duba shi. Mai sha'awar ɓangaren wuta ya nemi tashar TCN, wato kamfanin da ke dakon wuta a kan manyan layuka, ko kamfanin rarraba wuta irin KEDCO da ke kula da Kano da Katsina da Jigawa, ko Kaduna Electric da ke kula da Kaduna da Kebbi da Sakkwato da Zamfara, ko wata masana'anta mai manyan injuna. Mai sha'awar kwamfuta da sadarwa ya nemi kamfanonin da ke kula da turakun sabis, ko sashen fasahar sadarwa na wata babbar ma'aikata, ko gidan rediyo da talabijin. Girman sunan wuri ba shi ne abin dubawa ba. Ƙaramin kamfanin sola da zai ɗora mutum a kan rufi kowace rana ya fi babban ofishin da za a ajiye shi yana sa hannu a rajista yana komawa gida.

Dole ne in mallaki kwamfuta?

A aji ɗaya ana iya lallaɓawa ba ita, amma daga aji biyu zuwa uku rashinta cikas ne na gaske. Da ita ake koyon harsunan rubuta manhaja irin su C da Python, da ita ake amfani da MATLAB wajen lissafi, da Proteus wajen gwada da'ira kafin a sayi kaya. Ba sai sabuwa ba, ta hannu mai batir mai riƙe caji ta isa. Wanda ya sami ɗan rara ya sayi allon Arduino, wato ɗan ƙaramin allon lantarki da ake ɗora wa manhaja, da maltimita da 'yan ƙananan kayan haɗi.

Wace jami'a ce ta fi?

Tambayar da ta fi wannan muhimmanci ita ce ko sashen yana da amincewar NUC da ta COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista, a daidai lokacin da za a shiga, domin ana sabunta amincewar lokaci zuwa lokaci, kuma rashinta yana jawo wa mai digiri matsala wajen rajista daga baya. Tsofaffin tsangayoyin injiniya a Arewa sun haɗa da na Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1962, da Jami'ar Bayero ta Kano, da Jami'ar Maiduguri, da Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ta Bauchi, da Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, da Jami'ar Modibbo Adama ta Yola. Daga cikin na jihohi akwai Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote da ke Wudil. Tsohon sashe yana da fa'idar yawan manyan malamai da tsofaffin ɗalibai da suka bazu a ma'aikatu, amma yana da cunkoso. Kafin a yanke shawara, a nemi ɗalibin aji huɗu na sashen a tambaye shi sau nawa ya taɓa kayan gwaji da hannunsa a zangon da ya wuce.

Shin fannin ya dace da mace?

Ya dace ƙwarai. Mata ba su da yawa a azuzuwan, amma babu wani darasi a cikin manhajar karatun da yake bukatar ƙarfin damtse, kuma ayyuka irin su tsara hanyoyin wuta da rubuta manhaja da kula da na'urorin kariya da koyarwa, aikin kai ne da natsuwa.

Yaya ake lissafa matsayin digiri, kuma faɗuwa kwas ɗaya tana lalata komai?

Yawancin jami'o'i suna amfani da ma'aunin maki 5. Daga 4.50 zuwa sama daraja ta ɗaya ce, daga 3.50 zuwa 4.49 babbar daraja ta biyu, daga 2.40 zuwa 3.49 ƙaramar daraja ta biyu, daga 1.50 zuwa 2.39 kuma daraja ta uku. Faɗuwa kwas ɗaya ba ta kashe digiri, ana maimaita shi a shekara mai zuwa. Haɗarin yana cikin kwasa-kwasan da suke sharaɗi ne ga na gaba da su, domin wanda ya faɗi lissafin aji biyu ana iya hana shi rajistar na aji uku, daga nan kaya su taru har a ƙara masa shekara. Kamfanoni da hukumomin bayar da tallafin karatu a waje da dama suna neman babbar daraja ta biyu, saboda haka 3.50 iyaka ce da ya kamata a sa wa ido tun daga zangon farko.

Wane aiki ake samu bayan kammalawa?

Tun da aka sayar da kamfanonin samarwa da rarraba wuta na tsohuwar PHCN a watan Nuwamban 2013, aikin wuta ya kasu tsakanin kamfanonin rarrabawa 11 da kamfanonin samarwa da TCN, wadda ta ci gaba da zama a hannun gwamnati. Dokar lantarki ta 2023 ta bai wa jihohi damar kafa nasu kasuwannin wuta. Akwai kuma kamfanonin sadarwa da suka bunƙasa tun zuwan wayar salula a 2001, da masana'antun siminti da na takin zamani da na mai, da bankuna, da hukumomi irin su NCC mai kula da sadarwa da NITDA mai kula da fasahar zamani da NERC mai kula da wutar lantarki. Ba za a ɓoye ba, guraben albashi ba su kai yawan masu digiri ba, kuma akwai waɗanda suka yi shekaru da takarda a hannu. Fannin da ya fi buɗe wa matasa ƙofa a 'yan shekarun nan shi ne na sola, domin ƙarancin wuta da tsadar man janareta sun sa gidaje da shaguna da rijiyoyin burtsatse da asibitoci sun koma kansa, kuma yawancin matsalolin da ake samu, kamar batir da ke mutuwa cikin 'yan watanni, suna faruwa ne saboda ba a yi lissafin nauyin wutar da za a ɗora ba kafin a haɗa.

Da na karɓi digiri na zama injiniya ke nan?

A bakin jama'a e, a wurin doka tukuna. Hukumar COREN, wadda aka kafa da doka a 1970, ita ce ke yi wa injiniyoyi rajista, kuma wanda ta yi wa rajista ne ke da ikon sanya laƙabin a gaban sunansa da buga hatiminsa a kan zane. Bayan digiri daga sashen da aka amince da shi, ana bukatar aƙalla shekara 4 ta aiki a fannin, sannan mutum ya gabatar da rahoton ayyukan da ya yi, a yi masa tambayoyi a kansu. Da yawa suna bi ta Ƙungiyar Injiniyoyi ta Najeriya, NSE, wadda aka kafa a 1958. Yana da kyau mutum ya fara ajiye bayanin kowane aiki da ya sa hannu a ciki, da zanensa da lissafinsa da sunan injiniyan da ya kula da shi, tun daga lokacin bautar ƙasa.

Shekara nawa ya kamata iyaye su shirya wa ɗaukar nauyi?

A takarda shekara 5 ce, sai shekara guda ta bautar ƙasa ga wanda ya kammala bai haura shekara 30 ba. A aikace yajin aiki kan tsawaita ta a jami'o'in gwamnati, kamar na ASUU a 2022 da ya ɗauki wata 8. Kuɗin rajista ya bambanta daga jami'a zuwa jami'a, kuma tun 2024 asusun NELFUND yana bayar da rancen karatu ga ɗaliban manyan makarantun gwamnati. Lokuta biyu ne suka fi cin kuɗi fiye da yadda iyaye suke zato: watannin SIWES, idan wurin aikin yana wani gari kuma sai an nemi masauki da kuɗin mota, da aji biyar, inda ɗalibi ne ke sayen kayan aikin kammalawarsa, wasu kuma sai an yi odarsu daga Legas ko daga ƙasar Sin a jira makonni kafin su iso.